Mujallun da Ba Sa Fita Daga Kabad

A 1910 mujallar Folk-Lore ta birnin Landan ta fara buga jerin tatsuniyoyin Hausa hamsin da wani jami'in mulkin mallaka, A. J. N. Tremearne, ya tattara ya fassara zuwa Ingilishi. Ɗalibin da ke zaune a Kano ko Zinder a yau zai iya samo su a wayarsa kafin shayinsa ya huce. Amma a ce masa ya nemo maƙalar da wani malamin jami'a Bahaushe ya rubuta kan waɗannan tatsuniyoyi a shekarun 1980, cikin mujallar da aka buga a garinsu, sai aiki ya tashi. Sai ya bi ofis-ofis yana tambaya, a tura shi wajen wani dattijo da ake zaton yana da kwafi, in ya yi sa'a ya samu wanda gara ba ta ci ba.

Abin kunya ne, kuma ba Bature ne ya jawo shi ba.

Ya kamata a faɗi haka ƙarara, domin an saba ɗora laifin a wuyan waje. Gaskiya ne cewa baƙi ne suka fara buga adabin bakan Hausa da yawa. Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa a juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, kuma malamai ne suka rubuta masa da ajami. R. S. Rattray ya buga nasa a 1913 daga rubutun Malam Shaihu, a ƙasar da yanzu ake kira Ghana. Gaskiya ne kuma cewa manyan mujallun fannin suna can: Journal of American Folklore tun 1888, Africa tun 1928, Journal of Popular Culture tun 1967, Research in African Literatures tun 1970. Da yawa daga cikin abin da suke bugawa a kulle yake, sai an biya da dala. Duk wannan abin ƙorafi ne. Sai dai waɗancan mujallu sun yi abu ɗaya da ya sa suka zama abin da suka zama: sun adana kowace fitowa, sun jera ta, sun sa mai nema ya san inda zai duba. Shekara ɗari ta wuce, maƙala tana nan da lambar shafinta.

Jami'o'in Arewa ba su rasa mujallu ba. Harsunan Nijeriya ta fara fitowa a Kano tun farkon shekarun 1970. Akwai Algaita a Jami'ar Bayero, akwai Harshe a Zariya, akwai Ɗunɗaye a Sakkwato. A cikin irin waɗannan ne ake samun nazarin da baƙo ba zai iya yi ba komai ƙwazonsa: wanda ya san inda makaɗin fada ya yi zambo a lulluɓe, wanda ya ji bambancin karin Sakkwatanci da na Kananci a bakin mai ba da tatsuniya, wanda ya tashi a gidan da ake tashe. Ilimin yana nan. Abin da ya lalace shi ne manufar buga shi.

A jami'a malami ba ya samun ƙarin girma sai ya nuna adadin maƙalun da ya wallafa. Dokar ba ta da aibi a kan kanta, amma ta mayar da mujalla tsani, alhali dandali ce. Marubuci ya biya kuɗin tacewa da na ɗab'i, a buga kwafi kaɗan, ya karɓi nasa ya liƙa a fayil ɗin da zai miƙa wa kwamiti. Daga nan aikin maƙalar ya ƙare. Ba wanda zai mayar mata da martani a fitowa ta gaba, domin ba wanda ya karanta ta, kuma ba domin a karanta aka rubuta ta ba. Sauran kwafin su kwanta a kabad ɗin sashe har wani sabon shugaba ya buƙaci wurin.

Illar tana bayyana a kundayen digiri. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku kan Mamman Shata a Jami'ar Indiana tun 1975. Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe shekaru yana bin makaɗa da mawaƙa. Ibrahim Yaro Yahaya ya bar Tatsuniyoyi da Wasanni da Hausa a Rubuce. Bayan su an yi rubuce-rubuce masu yawa a mujallu, amma ɗalibin da bai iya gano su ba dole ya koma farko: ma'anar tatsuniya, ire-iren tatsuniya, halayen Gizo da Ƙoƙi. Kowane zamani na ɗalibai yana sake haƙa rijiyar da aka riga aka haƙa, yana tsayawa daidai inda na baya suka tsaya.

Misali mafi zafi shi ne adabin zamani. Lokacin da littattafan soyayya suka cika kasuwannin Kano a shekarun 1990, muhawara mai ƙarfi ta tashi a kansu tsakanin Ibrahim Malumfashi, wanda ya yi musu laƙabin adabin kasuwar Kano, da irin su Abdalla Uba Adamu da Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu. Shafukan jarida ne suka ɗauki mafi yawan wannan musayar, kuma can ne jama'a suka bi ta. Sannan maƙalar da duniya ta fi sani kan tasirin finafinan Indiya a wannan adabi ita ce ta Brian Larkin, wadda Africa ta buga a 1997. Maƙala ce mai kyau. Amma ɗaya daga cikin dalilan da suka sa kowa ke ambatonta shi ne kowa na iya samunta. Mai nazarin Kannywood a Jamus yana kafa hujja da abin da ya gani, ba da abin da ke kulle a ofishin da bai san da shi ba.

Wasu za su ce maganin shi ne malamai su riƙa aikawa mujallun waje, musamman da kwamitoci ke fifita waɗanda ke cikin manyan rumbunan ƙididdiga irin su Scopus. Wanda ya iya, ya aika. Sai dai wannan hanya tana da kuɗin fito. Dole a rubuta da Ingilishi, a ɓata kashi mai tsoka na maƙalar wajen bayyana wa baƙo waye Bahaushe, a fassara baitin da daɗinsa ke cikin karin sauti har ya koma lami. Abin da ya rage bayan an tace shi ne abin da mai karatu a Landan zai iya haɗiya. Nazarin habaici a waƙar Barmani Choge wanda aka yi da Hausa, domin masu jin Hausa, ya fi zurfi tun daga layin farko. Kwamitin da ya ba irin wannan aiki maki ƙasa saboda harshensa ya yanke hukunci ne a kan Hausa, ba a kan aikin ba.

Wasu kuma za su ce babu kuɗi. Wannan uzuri ya tsufa. TETFund na tallafa wa buga mujallun jami'o'i. Dandalin African Journals Online yana ɗaukar mujallun nahiyar tun 1998. Wasu sababbin mujallun Hausa sun riga sun fara sa fitowarsu a intanet kyauta, wanda ya nuna abin mai yiwuwa ne. Tsofaffin fitowar su ne a bakin halaka, domin takardar da aka buga su a kai tana rubewa, kuma dattawan da suka ajiye cikakken jeri suna ƙarewa, magada na sayar da littattafansu ga masu ƙosai. Na'urar ɗaukar hoton takardu ɗaya, da ɗalibai biyu, da zangon karatu ɗaya sun isa a kwafe duk abin da sashe guda ya taɓa bugawa, a jera sunayen marubuta da kanun maƙalu, a ɗora inda kowa zai gani. Kuɗin bai kai na jakunkuna da abincin taron ƙara wa juna sani guda ɗaya ba, irin wanda ake shiryawa kowace shekara domin a tara sababbin maƙalun da za su bi na baya cikin kabad.