Wa Ke da Yaro Kafin a Buga Ƙararrawa?

Duk wanda ya yi sammako ya bi ta ƙofar makarantar firamare a birnin Kano, ko Kaduna, ko Zariya, tsakanin ƙarfe shida da rabi da ƙarfe bakwai da rabi na safe, lalle ya ga abin da mu ma muka gani. Ga yara ƙanana, waɗansu ba su fi shekara biyar ko shida ba, suna tsugune a gindin katanga da jakunkunansu, ƙofa a kulle, babu malami, babu maigadi. In lokacin ɗari ne sai ka tarar sun cure wuri ɗaya suna makyarkyata, in kuwa damina ce sai su raɓe a rumfar mai shayi ko ta mai faci. Waɗansu na guje-guje a bakin titi inda 'yan adaidaita sahu da manyan motoci ke wucewa. Inda makarantar ba ta da katanga kuwa, yaran na ciki, amma duk wanda ya ga dama shi ma yana ciki.

To, jama'a, tambayar da muke yi wa mahukunta a wannan mako ita ce: a cikin wannan sa'a ɗaya, watau daga lokacin da uba ya juya baya zuwa lokacin da malami ya iso, yaron nan a hannun wa yake? Uba ya ce ya kai shi makaranta, ya sauke nauyi. Makaranta ta ce ba ta buɗe ba tukuna, saboda haka nauyin bai hau kanta ba. Hukuma kuma ta yi gum. Ashe ke nan kowace safiya ta Allah akwai ɗimbin 'ya'yan talakawa da ke zama ba su da mai su har a buga ƙararrawa.

Mun sha jin manya suna cewa laifin iyaye ne, wai don me za su kawo yara tun da duku-duku. Mai faɗin haka bai san zaman talaka ba. Magidancin da ke aiki a masana'antun Sharaɗa ko Bompai, ko mai ɗaukar kaya a kasuwar Dawanau, ko yaron shago a Kantin Kwari, in bai bar gida da sassafe ba, abincin yini ya wuce shi. Babur ɗaya gare shi, fita ɗaya zai yi, dole ya ɗora yara ya sauke su a hanya. Uwa tana gida da goyo, ko kuwa ita ma ta fita neman abin sawa a baka. Waɗanda suka ɗan fi ƙarfi sukan haɗa kuɗi su ɗauki mai adaidaita na wata, shi kuwa yana da gidaje biyar ko shida da makarantu uku ko huɗu da zai zaga, saboda haka yaron da aka fara ɗauka shi ake fara saukewa, ko da gari bai gama wayewa ba.

Abin ya ƙara tsanani tun ran 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000. Mutumin da a dā zai iya fita ya kai yara ya komo gida ya sake shiri, tun daga wannan lokaci ya koma lissafin kowane ɗigon mai. Malamin firamare shi ma wannan wuta ce ta ƙone shi. Da yawa daga cikinsu suna zaune a unguwannin bayan gari inda haya ta fi sauƙi, sai sun hau abin hawa biyu kafin su iso. An sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a watan Yuli na 2024, amma a babban birnin ƙasa kansa, Abuja, malaman firamare sai da suka yi yajin aiki na fiye da wata uku a 2025 a kan rashin biyansu wannan albashi da bashin da suke bi. Wanda ake yi wa haka, da wane baki za a ce masa ya zo sa'a ɗaya kafin lokaci ya yi gadin yara kyauta?

Saboda haka mu ba mu ɗora wa malamai laifi, kuma ba mu yarda a jibga wa iyaye shi duka ba. Wanda ya kafa dokar tilas shi ne ya kamata ya fara amsa tambaya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce kowace gwamnati a Nijeriya za ta ba kowane yaro ilimin firamare da na ƙaramar sakandare kyauta kuma dole. Ta ce uban da ya ƙi kai ɗansa, karo na farko a ja masa kunne, karo na biyu a ci shi tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, in ya sake kuma tarar naira 5,000 ko ɗaurin wata biyu. Madalla. Amma hukumar da ta tanadi gidan yari domin uban da ya bar ɗansa a gida, me ta tanada domin ɗan da aka kawo mata ƙofa? In an tilasta wa mutum ya ba da amanar ɗansa, wajibi ne ya tarar da hannun da zai karɓa.

Kada wani ya ce muna ta da hankalin mutane a kan ƙaramin abu. Ran 30 ga Mayu, 2021, 'yan bindiga sun kwashe yara fiye da ɗari daga wata makarantar Islamiyya a Tegina ta Jihar Neja, suka riƙe su kusan wata uku. Ran 7 ga Maris, 2024, da safe, ana gama taron ƙasa, aka afka wa makarantar Kuriga a ƙaramar hukumar Chikun ta Jihar Kaduna. Da fari an ce yara 287 aka ɗauke, daga baya gwamnatin jihar ta ce 137 ne, waɗanda aka dawo da su ran 24 ga watan. Ku lura da wannan rikicin lissafi, gama yana nuna cewa ko ana tsakiyar makaranta ba a san adadin yaran da ke ciki ba. A duka wuraren biyu akwai malamai a wurin sa'ad da abin ya faru. To, ina ga yaron da ke zaune shi kaɗai a bakin ƙofa, babu wanda ya rubuta isowarsa? In wani ya kama hannunsa ya tafi, malami zai ɗauka bai zo ba, uwa za ta ɗauka yana aji, ba za a farga ba sai bayan azahar. Sa'a shida ko bakwai ke nan ɓarawo ya samu kyauta.

Ko an bar zancen ɓarayin mutane, haɗarin yau da kullum ma ya isa. Yaro ɗan shekara shida bai iya auna gudun mota ba. Manyan yara sukan ƙwace wa ƙanana kuɗin tara da abin karin kumallo. 'Yan mata ƙanana suna zaune inda kowane ɗan iska zai iya tsayawa ya yi musu magana. Akwai ramuka da kwatami da gine-ginen da ba a gama ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan sa'a ta safe kuwa ita ce tsagar da ke jikin kowace makaranta.

Alkawari kam an sha yi mana. Nijeriya ta amince da sanarwar kare makarantu da aka fitar a Oslo a 2015. A 2021 gwamnatin tarayya ta fito da manufar ƙasa a kan tsaron makarantu, a watan Oktoba na shekarar kuma aka yi babban taron duniya a kan wannan batu a Abuja, aka yi jawabai, aka watse. A Kano, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yuni na 2024. Ita kuma dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin ilimin farko, jiha ta kawo nata rabin ta karɓi na tarayya, amma shekara da shekaru hukumar UBEC da kanta tana kukan cewa biliyoyin naira na kwance jihohi ba su zo sun ɗauka ba. Mu dai ma'auninmu ɗaya ne: talaka ya je ƙofar makarantar unguwarsu da ƙarfe bakwai saura, ya ga ko akwai babba a tsaye.

Ga abin da muke nema, kuma babu ko ɗaya da ya fi ƙarfin gwamnati. Na farko, hukumomin ilimin firamare na jihohi su tsai da lokacin buɗe ƙofa, a ganinmu ƙarfe bakwai saura kwata, a rubuta shi a jikin ƙofa da Hausa, da boko da ajami, a kuma sanar a rediyo. Na biyu, kowace makaranta ta fid da malamai biyu, mace da namiji inda hali ya yi, su riƙa karɓar yara bi da bi mako-mako, a biya su alawus na musamman a kan wannan aiki, a haɗa da albashi don kada ya maƙale a ofishin wani. Na uku, a ajiye littafi a bakin ƙofa, duk yaron da ya shigo a yi masa alama, wanda ya shiga kuma ba ya fita sai an tashi. In an kira suna a aji aka ga yaro bai zo ba, a buga wa gidansu waya kafin ƙarfe tara. Na huɗu, a ɗauki maigadi na dindindin, a kewaye makarantun da ke bakin manyan tituna da katanga tun kafin a taɓa sauran. Makarantun kuɗi kuwa, waɗanda waɗansunsu ke manna takarda cewa ba ruwansu da yaron da ya zo da wuri, a sa wannan sharaɗi cikin lasisinsu, gama wanda ya karɓi kuɗin uba ya karɓi amanar ɗansa.

Za a ce mana babu kuɗi. Alawus na malamai biyu da albashin maigadi ɗaya a makaranta, a gwada shi da abin da ake kashewa a kan jerin motocin rakiyar babban mutum guda, sa'an nan a zo a sake gaya mana babu kuɗi. Za a kuma ce in an buɗe da bakwai saura kwata, iyaye za su fara kawowa da ƙarfe shida. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa muka ce a tsai da lokaci sananne. In hukuma ta cika nata, to tana da bakin da za ta kira uban da ya saɓa ta yi masa faɗa, mu ma za mu goyi bayanta.

Ku kuma iyaye 'yan'uwanmu, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kafin hukuma ta farka, kada ku juya baya sai kun ga babban da kuka sani. Ku yi magana da mai adaidaitan da kuke biya, ku gaya masa ba a sauke yaro a ƙofa rufaffiya. Maƙwabta su haɗa kai, yau wannan ya raka yaran layi, gobe wancan. Kowace makarantar gwamnati ana cewa tana da kwamitin gudanarwa na jama'ar unguwa, wanda ya ƙunshi iyaye da malamai da masu unguwanni. Ku nemi hedimasta ya kira taronsa, ku sa wannan magana a gaba. Dattawan da ke fitowa daga sallar asuba, in biyu daga cikinsu suka zauna a benci a ƙofar makaranta na sa'a ɗaya, mugu zai canja hanya. Amma muna gargaɗi, kada mahukunta su ga jama'a sun tashi su ce shi ke nan an hutar da su. Taimakon unguwa na wucin gadi ne, hakkin yana nan a wuyan wanda ke karɓar haraji.

Muna kira ga 'yan majalisun jihohi da kansiloli, na kowace jam'iyya, su ta da wannan batu kafin a shiga sabon zangon karatu. Masu karatunmu kuma, duk wanda ya bi ta makarantar unguwarsu da safe, ya duba agogo, ya ƙirga yaran da ke waje, ya rubuto mana lokacin da aka buɗe ƙofa. Za mu buga abin da kuka aiko, mu kai shi gaban waɗanda abin ya shafa. Allah ya tsare mana zuriya, amin.