Wayar Bashi: A Yi Lissafi Kafin A Sa Hannu

Yau ba maganar kujera ko zaɓe na zo da ita ba, magana ce ta aljihu, kuma ta shafi kusan kowane gida a Haɗejiya da kewaye.

Duk wanda ke leƙa shagunan waya ya ga sabon yayi: ka ba da kuɗin kafin alƙalami, ka tafi da sabuwar waya, sauran ka riƙa biya duk wata. Talla kuwa ga ta nan a Facebook da WhatsApp, wai garaɓasa. Ni ba na cewa waya ba ta da amfani. Wanda ya ga wahalar ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya san da yawa daga masu kifi da masu shinkafa da taransifa suka ci abinci. Abin da nake cewa shi ne, mu daina yi wa rogo kallon kitse.

Ga abin da ya faru a gidanmu. Wani ƙanena mai noman rani ya sayar da shanshera buhu biyu, ya kai kafin alƙalami, ya karɓo waya mai kyamara uku. Wata biyu yana biya lafiya lau. A na uku injin ban ruwansa ya lalace, kuɗin suka tafi gyara. Ranar da wa'adi ya wuce sai wayar ta kulle kanta, domin tun a shago an sa mata manhajar da ke yin hakan. A satin ne dillalin da ke sayen kayansa ya neme shi, bai same shi ba, ya sayi na wani. Da muka zauna muka haɗa kuɗin da zai biya gaba ɗaya, sai ga shi ya zarce farashin wayar a hannu nesa ba kusa ba. Na ce masa, "Kai yanzu ba ka karanta takardar ba?" Ya ce, "Yaya, da Turanci take, kuma mutane na jira a baya."

To ina laifin yake? Wannan tsari an gina shi ne a kan mai albashi, wanda ya san ranar da kuɗi za su shigo. Mu kuwa kuɗinmu na bin kogi ne. Manomin Auyo, masuncin Guri, mai tattasai a Kirikasamma, duk sai kaya sun nuna suke ganin kuɗi. Kuma kowa ya tuna ambaliyar 2022, yadda gonaki suka nutse, matasa suka kwana suna jera buhunan ƙasa a kan jinga. Ruwa ba ya tambayar ko kana da bashi, manhajar ma ba ta tambayar ko ruwa ya ci gonarka.

Sannan wayar ba ta ci da kanta. A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data har da kashi 50 cikin ɗari. Ga kuɗin caji a shago idan babu wuta. Ga Boomplay da Audiomack da TikTok suna shan data kamar rairayi na shan ruwa. Da can naira kaɗan za ka ba masu turi su cika maka memori da waƙoƙi, ka ji har ka gaji. Yanzu kullum sai ka sake zuba kuɗi.

Wani zai ce, "Talaka in ba ta bashi ba, yaushe zai riƙe babbar waya?" Gaskiya ne, kuma wanda wayar ce jarinsa, kamar mai POS ko mai tallar kaya a intanet, yana iya cin riba ko da ya biya ƙari. Amma ya shiga da ido buɗe. Ka tambayi abu uku kafin ka sa hannu: nawa ne jimillar abin da zan biya, me zai faru in na makara, kuma in wayar ta ɓata ko an sace ta wa ke da asara? In mai shago ya fara kame-kame, kama gabanka.

Ga wanda ba gaggawa yake yi ba, adashi na nan, iyayenmu mata sun daɗe da gano shi. Mutum goma su haɗu, duk wanda ya ɗauka ya sayi itel ko Tecno daidai ƙarfinsa, kuɗi hannu. In da mai zuwa Kano, a kwatanta farashi a kasuwar Farm Centre tukuna.

Ina kuma kira ga shugabannin 'yan kasuwar waya na Haɗejiya da su sa a rubuta sharuɗɗan nan da Hausa, a karanta wa mai saye a gaban shaida. Hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ita ma ta leƙo ƙananan garuruwa, ba Legas da Abuja kaɗai ake cin bashi ba.

Ƙanena dai ya gama biya bayan girbin alkama, da kuɗin da ya ware wa taki. Bana rabin gonar ya noma.

Allah Ya rufa mana asiri.