A Nuna Wa Ɗalibi Inda Nauyin Bene Yake Bi

Jama'a, duk wanda ya san Ikko ya san ba a tā da bene a garin nan sai da 'yan'uwanmu. Mu ke haƙa harsashi, mu ke ɗaukar kankare a kwanon sarki, da dare kuma mu ke gadi. Saboda haka in bene ya rufta, kamar mai hawa 21 ɗin nan da ya faɗi a Ikoyi ran 1 ga Nuwamba, 2021, ya hallaka mutum fiye da 40, to, abin a gidanmu ya faɗi. Shi ya sa yau zan tsoma baki cikin maganar da za a ce ta fi ƙarfina, watau yadda jami'o'inmu ke koya wa ɗaliban aikin gini ilmin ƙarfin gini.

Ni ba injiniya ba ne, iyakata sakandare. Amma kwanan baya na je wani wurin gini, na tarar ana gardama tsakanin wani saurayi da bai daɗe da gama jami'a ba da wani dattijo mai ɗaurin rodi. Ana shirin zuba barandar da ta fito waje, ba ginshiƙi a ƙarƙashinta. Leburori sun tattake rodin ya kwanta ƙasa, saurayin ya ce a zuba haka nan, ai rodi rodi ne. Dattijon ya ce sam, sai an ɗaga shi sama.

Dattijon ke da gaskiya. Kankare gwanin jure danniya ne, amma in aka ja shi, ƙarfinsa bai fi wajen kashi ɗaya cikin goma na wancan ba, don haka ake sa rodi a gefen da ke miƙewa. Dakalin da aka tokare ta gefe biyu, ƙasansa ke miƙewa a tsakiya. Barandar da aka riƙe ta gefe guda kuwa, samanta ke miƙewa. Na tabbata saurayin nan ya rubuta wannan a jarrabawa ya ci. Haddacewa ya yi, bai taɓa gani da ido ba.

To, a nan gizo ke saƙar. Ana cika allo da lissafi, ɗalibi ya kwafa, daga baya ya miƙa wa kwamfuta ta yi masa. Alhali kuwa gani ya kori ji. Malami ya ɗauki rula ya kwantar da ita bisa bulo biyu, ɗalibi ya danna ya ga ta lanƙwashe, sa'an nan a tsayar da ita ta gefe, ya danna ya ji ta ƙi. A ba shi kara gajere da dogo ya danna daga bisa, ya ga wanda zai fara gocewa. Bayan wannan sai a gaya masa cewa siririn ginshiƙi in aka ninka tsawonsa, kashi ɗaya cikin huɗu kaɗai na kayan dā zai ɗauka kafin ya lanƙwashe. Wanda ya ji wannan a hannunsa ba zai manta ba.

Kakanninmu ma haka suka koya. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ƙasa da azara ya yi bakan gizon da masana ke zuwa kallo. Ya san iyakar tazarar da azara za ta iya ɗauka. Ban ce a jefar da lissafi ba, bene mai hawa 20 ba ya yiwuwa da kintace. Cewa nake yi hannu da ido su riga alƙalami.

Wani zai ce ai rage siminti da cin hanci ke kā da gini. Haka ne. Amma wa zai tsaya ya ce wa ɗan kwangila a'a? Sai injiniyan da ya san abin da zai biyo baya. Wanda bai gane ba, duk takardar da aka miƙo masa zai sa hannu.

Don haka ina roƙon jami'o'inmu da hukumar COREN, wadda aka kafa tun 1970 don kula da aikin injiniyoyi, kada a bar ɗalibi ya fita sai ya iya tsayawa gaban gini ya nuna hanyar da nauyi ke bi daga rufi har ƙasa. Ku kuma masu 'ya'ya a wannan fanni, in sun zo hutu ku kai su wurin aikinku su sha rana tare da mai ɗaurin rodi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya tsare mu, Ya mai da kowa gida lafiya, amin.