ILIMIN TSARO A MAKARANTA: DARASI DAGA GARKUWAR JIKI

Sanin kowa ne cewa makarantun Jihar Zamfara sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun 'yan bindiga. A watan Mayu na 2019 an kai hari Makarantar Sakandaren 'Yan Mata ta Moriki, cikin Ƙaramar Hukumar Zurmi, aka yi awon gaba da wasu ma'aikatanta. Ranar 26 ga Fabrairu, 2021, aka kwashe ɗalibai mata 279 daga Jangebe. A watan Satumba na wannan shekara, bayan sace ɗaliban Kaya ta ƙasar Maradun, gwamnati ta rufe makarantu, aka kuma katse layukan wayar salula a faɗin jihar. Saboda haka ɗalibin Ƙaura Namoda ko Shinkafi ko Zurmi ba ya bukatar a gaya masa cewa akwai haɗari. Abin da yake bukata shi ne a koya masa abin da zai yi.

Manhajar ilimin bai-ɗaya da aka fara aiki da ita a 2014 ta shigar da Ilimin Tsaro cikin darussan firamare da ƙaramar sakandare. Sai dai darasin da aka haddace domin cin jarrabawa kawai ba ya tserar da kowa. A nan ne ilimin halittu yake da abin cewa.

Allah Ya sanya wa jikin ɗan Adam dakaru, wato fararen ƙwayoyin jini. Aikinsu iri uku ne. Na farko, sukan bambance ƙwayar jiki da baƙuwar ƙwayar cuta. Na biyu, sukan aika saƙon sinadari domin kiran 'yan'uwansu. Na uku, wasu daga cikinsu sukan riƙe kamannin cutar, ta yadda in ta dawo za a tare ta da sauri. Wannan shi ne sirrin allurar rigakafin ƙyanda.

Haka ya kamata darasin tsaro ya kasance. A koya wa ɗalibi lura, kamar yadda ake koya masa a ɗakin gwaje-gwaje: me ya gani, a ina, da ƙarfe nawa, babura nawa ne? Ya san bambancin abin da idonsa ya gani da abin da aka ce an ce. Sannan ya san wanda zai faɗa wa, wato malaminsa ko mahaifinsa, a asirce, ba a teburin mai shayi ko a WhatsApp ba. Ba aikin yaro ba ne bin sawu ko leƙen asiri, domin yin haka jefa rayuwarsa ne cikin halaka. Daga ƙarshe, kowace makaranta ta riƙa yin atisaye a kowane zango: wane ƙararrawa ne na haɗari, ta wace ƙofa za a fita, a ina za a haɗu a ƙirga kai. Atisaye shi ne rigakafin ruɗewa.

Amma akwai gargaɗi. Wani lokaci garkuwar jiki takan rikice ta far wa jikin da take karewa. Nau'in ciwon sukari da ya fi kama yara yana samuwa ne sa'ad da ta hallaka ƙwayoyin da ke samar da insulin. Al'umma ma takan kamu da irin wannan ciwo. Ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da mazauna rugage ta ƙara wa wutar Zamfara fetur. Malamin da ya bari ɗalibansa suka tashi da tunanin cewa kowane Bafillatani ɗan bindiga ne, ya raunana tsaro, domin ya toshe bakin wanda ya fi kowa sanin daji. Aikin mutum ake tuhuma, ba harshensa ko rigarsa ba.

Tsare makaranta nauyi ne na hukuma, kuma Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Kare Makarantu ta duniya tun 2015. Darasi ba zai maye gurbin katanga da jami'an tsaro ba. Duk da haka, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya iya lura, ya iya tantance labari, ya kuma san maƙwabcinsa ba maƙiyinsa ba ne, shi ne garkuwar ƙasa ta gobe. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.