BAYAN FAGE: Mai son fim a Kebbi ya fara da kunne

Duk wanda ya saba kallon finafinan Hausa ya san wannan ciwon kai. Jaruma na kuka, tana faɗa wa mijinta maganar da labarin gaba ɗaya ya rataya a kanta, amma abin da ke shiga kunnen ɗan kallo shi ne ƙugin janareta da carar zakaran maƙwabta. Sai a ƙara murya. Da an sako waƙa kuma ta fashe kamar za ta tsaga lasifika, a ruga a rage. Daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau hoto ya ci gaba sosai, an bar kaset, an bar sidi, an koma YouTube, amma har gobe sauti ne ɗan bora a wannan masana'anta.

To me ya haɗa wannan da Kebbi? Abin da ya haɗa su shi ne yaron da ya gama sakandare a Birnin Kebbi ko Argungu, ba shi da buri sai ya ga fuskarsa a fosta. Ya tara kuɗin mota ya nufi Kano, ya yi ta zarya a ofisoshin furodusoshi na titin gidan zu. In ya yi sa'a a sa shi cikin masu zama a taron biki, a nuna ƙeyarsa sau ɗaya. In bai yi sa'a ba ya faɗa hannun wani mai karɓar kuɗin "rajista". Guzuri ya ƙare, ya dawo gida yana jin haushin kowa. Alhali masu son fitowa a fim sun yi wa industiri yawa. Wanda darakta ke nema ido rufe shi ne yaron da zai ɗauko masa magana tas, ba gurnani, ba amsa-kuwwa.

Wannan sana'a kuwa ba ta da makarantar da ta fi wasan kwaikwayon rediyo. A can babu kwalliya, babu gida mai bene, babu motar aro. In mai sauraro bai ji abu ba, to abin bai faru ba. Iyayenmu sun san haka. Zaman Duniya Iyawa Ne na Alhaji Yusuf Ladan da Duniya Budurwar Wawa sun riƙe mutane a gindin akwatin rediyo daga Kaduna, ba tare da kowa ya ga fuskar kowa ba. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ko ido a rufe aka ji Hausarsa ta bariki an san Samanja ne ya iso. A 2008 kuma gidan rediyon Jamus ya fito da Ji Ka Ƙaru, wasanni na musamman domin matasa. Kenan hanya ce da aka daɗe ana bi.

Abin daɗi, koya wa ɗalibai wannan aiki bai kai tsadar koya masu kyamara ba. Ɗalibai shida, wayar hannu ɗaya mai kyau ko ƙaramar na'urar naɗar murya, abin sawa a kunne, da kwamfuta ɗaya mai manhajar Audacity, wadda kyauta ake samun ta. Shi ke nan an buɗe aji.

Darasin farko ma ba a taɓa na'ura. Malami ya sa kowa ya rufe ido na minti biyu, sannan ya lissafo abin da ya ji. A nan ne yaro zai gano cewa ajin da yake cewa shiru ne, akwai fanka a ciki, akwai ɗan acaɓa a waje, akwai mai tallar ruwa. Makirufo duk yana jin su, kuma ba shi da kunya, zai kwaso su gaba ɗaya. Daga nan sai a koya masa tazara: kamar taki ɗaya tsakanin baki da makirufo, a ɗan karkace, don kada harafin "b" da "f" su riƙa bugun sa da iska. A koya masa kallon ma'aunin ƙara, kada ya bari ya taɓa ja, domin muryar da ta fashe ba editan da zai iya ɗinke ta. Ɗakin siminti mai amsa-kuwwa kuma a rataya masa barguna, a jingina katifa a bango. Wani abu da ko manyan masu ɗaukar sauti ke mantawa a lokeshin: kafin a tashi, kowa ya yi tsit a naɗi shirun wurin na minti ɗaya. Da shi ake cike gurbi lokacin tacewa, don kada sauti ya riƙa tsalle tsakanin maganar wannan da ta wancan.

Inda yara suka fi jin daɗi shi ne ƙirƙirar ƙara. Ƙoƙo biyu a kife bisa tabarma, ga doki na sukuwa. A murza leda a hankali, ga wuta na cin kara. A girgiza fallen kwano, ga tsawa. Ruwan sama kuwa, a zuba tsabar shinkafa sannu-sannu bisa faranti, kuma in dai shinkafa ce ai ba a yi wa Kebbi gori.

Ba shinkafa kaɗai Allah ya ba su ba. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, kowa hotonsa yake ɗauka. Wa ya damu da ƙararsa? Dubban masunta su ruga cikin Matan Fada a lokaci guda, gora na karo da gora, homa na faɗawa ruwa, makaɗa na bi a kwalekwale, jama'a na sowa a bakin gaɓa. Ɗalibin da ya naɗo wannan da kyau ya samu abin da babu situdiyon Kano da zai iya haɗa masa shi da fiyano. Ko ba lokacin biki ba, akwai tashar jiragen ruwa, akwai fadama da asuba, akwai kasuwa.

Sai kuma harshe. A finafinan Kano, in aka ji mutum na cewa "shina tahowa" ko "mi ya hwaru", galibi an sako shi ne don a yi dariya. Wasan rediyon da aka rubuta a Argungu, da bakin Kabawa, zai iya sa wannan Hausar ta yi soyayya, ta yi shari'a, ta yi makoki. Manomi a Augie ko masunci a bakin gulbi da ya ji irin maganar gidansu a rediyo ba zai murɗa tasha ba.

Wa zai ɗauki nauyi? Kayan aikin suna nan a jihar. Akwai gidan rediyon jihar Kebbi, akwai Equity FM na Rediyon Nijeriya a Birnin Kebbi, kuma duk suna da situdiyo da ma'aikatan da suka san aiki. Akwai ɗalibai a kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru, akwai masu koyon malanta a kwalejin ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, waɗanda gobe su ne za su riƙe ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na makarantu. Abin da ya rage a haɗa su. Tasha ta ba da minti 15 a mako, makaranta ta kawo wasa. Amma fa da sharaɗi: a bar yaran su riƙe na'ura da kansu. In ma'aikacin tasha ne zai naɗa, ya tace, yara su karanta takarda kawai su tafi, an samu shiri amma ba a koyar da kowa ba.

Mai tambayar ko akwai kuɗi a ciki, ya dubi finafinan Indiya da kamfanoni irin su Algaita ke juyawa zuwa Hausa. Aikin murya ne da tacewa daga farko har ƙarshe. Ya dubi masu karanta littattafan Hausa a YouTube, da tallace-tallacen rediyo, da waƙoƙin biki da na siyasa. Kowanne sai da wani ya zauna da abu a kunne ya daidaita shi, kuma an biya shi. Yarinyar da iyayenta ba za su taɓa barin ta fita lokeshin ba ma, tana iya koyon tace sauti a ɗakin mamanta, da kwamfutar yayanta.