Dutse ba tsayi ta rasa ba, haske ne

Duk wanda ya je Dubai sai ya dawo da hoton Burj Khalifa da dare, ginin nan mai tsayin mita 828 da aka buɗe a 2010. Amma fitilu ne ke ƙawata hoton, domin kyamara haske take kamawa.

Dutse, hedikwatar Jigawa tun 1991, Allah ya ba ta tsayi kyauta: manyan duwatsun da ke kewaye da Garu. Sai dai da zarar magariba ta yi, duhu ke haɗiye su, mai ɗaukar hoto ya tattara kayansa.

Ya kamata gwamnatin jiha ta haska su da fitilun sola. Garin da ba a ganin kyansa da dare, da wuya baƙo ya kwana a cikinsa.