Ba ƙwaya ce ta rera waƙar Roky ba

Duk wanda ya tashi ba da labarin 13th Floor Elevators, ƙungiyar mawaƙan da aka kafa a Austin ta jihar Texas a 1965, da ƙwayar LSD yake farawa. Wannan al'ada ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin tana kwashe ladan aiki ta miƙa wa abin da ya rusa masu aikin.

Gaskiya ne Tommy Hall, mai rubuta musu yawancin baituka, ya ɗauki ƙwayar nan tamkar aƙida, har yana matsa wa 'yan ƙungiyar su sha kafin su hau dandamali. Amma a duba waƙarsu da ta fi shahara, "You're Gonna Miss Me", wadda ta kai matsayi na 55 a jadawalin Billboard a 1966. Roky Erickson, mai rera waƙoƙin ƙungiyar, ya riga ya rubuta ta, har ya naɗe ta da tsohuwar ƙungiyarsa The Spades, tun kafin ya haɗu da su Hall. Kiɗa ne irin na samarin da ke atisaye a garejin gidan iyayensu: jita mai kaushi, ganga ba ƙaƙƙautawa, sai muryar yaro ɗan shekara 18 da ke ƙwalla ihu amma ba ya kauce wa kari. Wannan ihun koyonsa ya yi, daga sauraren Little Richard da James Brown.

Sai kuma tulun. Hall yakan kara bakinsa kusa da bakin wani tulun yumɓu, ya riƙe makirfo a gefe, yana fitar da wani sauti mai ɓul-ɓul kamar ana tsiyaye ruwa daga gora. Sautin nan yana bin ƙarƙashin kusan kowace waƙa a faifansu na farko, kuma shi ke sa mai sauraro ya ji kamar ɗakin yana juyawa. Dabara ce da numfashi da kunne. A faifan Easter Everywhere na 1967, waƙar "Slip Inside This House" ta ɗauki kimanin minti 8 ba ta saki ba, saboda jitar Stacy Sutherland ta riƙe ta gam.

Abin da ƙwaya ta yi shi ne ta gajarta musu kwana. Kafin 1968 ta ƙare Erickson ya fara taɓuwa, faifan Bull of the Woods na 1969 kuwa kusan ba da shi aka haɗa shi ba.

Hukuma ma ba ta da bakin wanke kanta. A 1969 an kama Erickson da naɗin wiwi guda ɗaya tak, ɗaurin shekara 10 na jiransa. Don ya kauce wa kurkuku aka kare shi da hujjar taɓin hankali, sai ya ƙare a asibitin Rusk, tare da waɗanda suka yi kisa, ana jona masa lantarki a ka da sunan magani. Sai 1972 aka sallame shi, yana da shekara 25, ƙungiyar kuwa ta riga ta watse.